Neman Mai Hular Ƙarfe a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. In na zauna a shago sai wani ya leƙo ya ce, "Sadisu, wai da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" In na fito daga masallaci wani ya tare ni, "Wai da gaske ka yi kuka a gaban talabijin?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ƙara nasa, shi ya sa na sayi sabon littafin rubutu na zauna in zube shi gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba: a bayan kasuwa, layin masu gyaran rediyo, akwai gidan gem na Oga Bala. Talabijin huɗu, benci biyu, da janareta mai yawan tari. Yawancin masu zuwa ƙwallo suke bugawa, amma akwai wani gem da ya zo cikin kwalin tsofaffin faya-fayai, rubutunsa duk na Japan, ko sunansa ba wanda ya iya karantawa. Mu muka raɗa masa Mai Hular Ƙarfe, domin jarumin da ake sarrafawa hular ƙarfe ce ta rufe masa kai da fuska, kuma ba ya magana. Yana bin sawun wata yarinya mai riƙe da fitila da aka sace, duk lokacin da ya kusa cim mata sai a ƙara gaba da ita.

Ni ban iya bugawa ba. Akwai wani kada a bakin gada da ya cinye ni har na daina jin haushi. Aikina baki ne. Tun ina firamare nake karanta littattafan soyayya na kasuwa, yanzu ma a ƙarƙashin kantar shagon atamfar kawuna nake ɓoye su, saboda haka da rubutun Japan ya fito a ƙasan allo sai in fassara daga kaina. "Ta ce masa, ko da man fitilata zai ƙare, hasken da ka kunna a zuciyata ba zai mutu ba." Mutane sukan tsaya a ƙofa su saurara. Cikin masu tsayawar har da Zulai, ƙanwar Oga Bala, wadda ke sayar da zoɓo da kunun aya a cikin kula a bakin ƙofar.

Matsalar ita ce faifan ya karce. Bayan wata uku Oga Bala ya kai jarumin saman hasumiya, ya tsaya gaban yarinyar, ya ɗaga hannu biyu ya kama hular zai cire, sai hoton ya daskare. An goge faifan da man goge baki, an hura masa iska, an kifa na'urar. Kullum a wurin yake tsayawa. Ni dai ban damu ba, na riga na san ƙarshen: kyakkyawan saurayi, hawaye, ɗaurin aure. Har na rubuta wa Zulai wasiƙa mai shafi huɗu, wadda ta ƙare da cewa ni ne Mai Hular Ƙarfe, ita ce Mai Fitila.

Ana cikin haka Danladi ya shigo shan zoɓo. Danladi direban babbar mota ne, ɗan ƙabilar Eggon, yana kai doya Nijar. Ya kalli hoton da ya daskare ya ce, "A'a! Wannan ai ina ganinsa a tibi a Maraɗi. Fim ne, kowane sati ana nunawa. Na ga ya cire hula ma."

Benci ya kusa karyewa. Na kama hannunsa na ce, "Yaya kamanninsa?"

"Yana da kyau fa. Gashi har baya. Ya rungume wannan ƙaramin, suna ta kuka."

Na juya na ce wa jama'a, "Kun ji ko? Jarumai ai haka suke, da dogon gashi."

Bayan kwana biyu Zulai ta ba ni amsar wasiƙata, tana ƙulla zoɓo a leda ba ta ko kalle ni ba. "Na karanta takardarka, Hausarka ta yi yawa. Ka je ka gano ƙarshen labarin da idonka, ka zo ka faɗa min yadda yake. Ranar zan ba ka amsa." Abin da ya fitar da ni daga Lafia ke nan. A raina na ce in dai auren Mai Hula ne sharaɗin, to na riga na samu mata.

Ranar tafiya kowa ya ba ni saƙo. Oga Bala ya ce in takobin jarumin ba shuɗi ba ne kada ma in ɗauko kaset ɗin shirin. Iliya mai faci ya ce faɗan kada dole ya yi tsawo, don shi sati uku ya yi kafin ya kashe shi. Wani ya ce in kasa kunne ko sun sa kiɗan nan na cikin kogo. Na rubuta duka a bangon littafina.

A Agyaragu, kusa da Lafia, aka yi lodi da safe. Mai doyar ita ce Madam Rifkatu, mace mai jiki da murya, wadda ba ta yarda kayanta su yi tafiya ba ta gani. Danladi ya ce min, "Madam ya ce ka zauna a tsakiya, shi yana son taga." Na yi murmushi kamar yadda na saba in na ji irin wannan Hausar, ni da nake ganin kaina ɗan littafi. Haka na zauna tsakanin giyar mota da jakar Madam har ƙafata ta mutu kafin Akwanga.

Motar doya ba ta gudu. A hawa tana nishi kamar za ta roƙi gafara, a gangara kuma Madam tana kiran sunan Yesu ni ina salati, Danladi yana ta dariyarmu. Don in rage wa kaina tsoro na ɗauko littafin da na rubuta labarin Mai Hula na fara karanta musu. Kusa da Kachia taya ta fashe. Muka sauka a gefen wata gona inda mata suka shanya citta, ƙamshinta har cikin maƙogwaro. Danladi yana fama da jak, Madam ta sa na ci gaba da karatu, matan suka matso. Na kai wurin da jarumi ya yi kwana bakwai a daji yana tunanin idanun Mai Fitila, sai wata tsohuwa ta ce, "Shi yaron yana da gona?"

Na ce labarin bai faɗa ba.

Madam ta ce, "Ni ma abin da nake so in tambaya ke nan. Tun Akwanga nake ji, ba wanda ya dafa ko ruwan zafi a cikin soyayyar nan taka." Duk da haka da muka tashi tsohuwar ta cusa min citta a aljihu, ta ce in kai wa yarinyar da nake nema, wai ta fi takarda amfani.

A Funtua muka kwana, a tasha, a kan tabarma gefen mota, littafina ne matashina. Da safe muka je wurin wata mai koko, Danladi ya ce mata, "Kai, ba ni koko da ƙosai." Matar ta ajiye ludayi ta ce, "Ni ce kai?" Mutanen benci suka fashe da dariya. Na ja shi gefe na ce, "Danladi, mace ke ake ce mata." Ya ce, "Ke, kai, duka koko ɗaya ne zai ba ni." Yanzu in na tuna safiyar nan sai in ji kamar in mari kaina. Da na yi tunani kaɗan, da daga Funtua na juyo gida.

Daga Katsina zuwa Jibiya itatuwa suka fara gajarta, amalanken shanu suka yi yawa a hanya. A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da takardunsa. A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo mai hular soja ya karɓi katina ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Lafia."

Ya ce, "Lahiya lau. Daga ina kake?"

"Lafia, ranka ya daɗe."

Ya ɗago kai. "Samari, na amsa gaisuwa. Garinku nake tambaya."

Madam ce ta cece ni. "Mushe, sunan garin ke nan, inda doya ke fitowa." Mushe suke ce wa malami ko ma'aikaci a can. Jami'in ya yi dariya har ya kira abokinsa ya maimaita masa. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce na zo ganin ƙarshen wani labari ne. Ya buɗe jakata ya ci karo da littafin, ya buɗe tsakiya ya karanta da ƙarfi, "Ya ke fitilar da ba ta hayaƙi." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya miƙo min ya ce, "Wuce. In ka gano ƙarshen ka biyo ka shaida mana."

A Maraɗi gidan Alhaji Usmanu dillalin doya muka sauka, aka ba ni da Danladi ɗakin zaure mai yashi a ƙasa, da randa mai ruwan sanyi kamar daga firij. Mutanen kirki ne ƙwarai. Hausarsu tana da daɗi, sai dai duk inda muke sa "fa" a magana su "ha" suke sawa, kuma Faransanci ya shiga bakinsu kamar yadda Turanci ya shiga namu. Acaɓa kabu-kabu ne, talabijin tele ne, makaranta lakwal. Da rana ta take garin yakan yi tsit, kowa ya rufe ya kwanta, ba kamar Lafia ba da mai shago zai gwammace ya yi gyangyaɗi a tsaye.

Abinci kuwa, dambu da zogale na fi so, da mai da yaji. Burodin dogo ne, babu sukari babu leda, za ka ga mutum ya ɗaure shi a bayan keke kamar itace. Abin da ya tayar wa Madam hankali shi ne doya. Yanka ta suke ƙanana-ƙanana su jefa a miya kamar nama, kowa ya samu uku ko huɗu. Ta ce ba za ta bar garin da wannan zunubi ba, ta ari turmi ta kirɓa wa gidan sakwara. Uwargidan Alhaji ta ja loma ta ga tana miƙewa, ta tambaya ko ƙaro aka zuba a ciki.

Washegari na shiga neman kaset. Na ce gem, ba wanda ya gane. Daga ƙarshe na zana hular a takarda, wani mai sayar da kaset ya kalla ya ce, "Ka je wajen Mushe Sale malamin lakwal, shi ke ɗauke ta kowane mako." Na same shi a fada, wato majalisar abokai da ke zama gindin bishiya suna dafa shayi. Aka ba ni ɗan ƙaramin kofi mai ɗaci kamar maɗaci, na shanye na miƙe don mu tafi ga abin da ya kawo ni. Duk suka kalle ni. Mai dafawa ya ce, "Ina za ka? Saura biyu." Ashe sau uku ake sha, tashi bayan na farko rashin ladabi ne. Na koma na zauna.

Da na gaya musu a wurinmu wasa ne da ake bugawa da hannu, Mushe Sale ya cire tabarau. "Kana nufin ku ke motsa ta?" Na ɗauka hular yake nufi, na ce e, mu ne, kuma na zo ne in ga fuskar jarumin da aurensa da yarinyar. Suka dubi juna. Ɗaya ya buɗe baki, Mushe Sale ya daka masa cinya ya ce, "Kar wanda ya ce masa komai. A bar shi ya gani." Na ji daɗin wannan hali nasu. A gidan Oga Bala da tuni an faɗa maka ƙarshe kafin ka zauna.

Yamma biyu muka yi muna kallo a ɗakinsa bayan la'asar, yana fassara min Faransanci. Tun minti na farko na fara faɗa. Takobin fari ne. An ƙaro wani tsuntsu mai surutu wanda babu shi a gem ɗin, ba abin da yake yi sai ba'a. Kadan da ya ci wa Iliya sati uku, kafin in kurɓi shayi an sare shi an wuce. Na dinga cewa, "Ba haka yake ba!" Su kuma suna cewa, "Mu haka muka sani, wasan naku ne ya yi kuskure." Muka yi ta musu kamar za a raba gado. Amma da Mai Hula ya shiga kogo, kiɗan nan ya tashi, sak irin namu, sai tsikar jikina ta tashi. Na ji kamar ina kan bencin Oga Bala, Zulai tana bayana da kularta.

A yamma ta biyu aka kai saman hasumiya. Ga yarinya da fitila, ga Mai Hula a gabanta. Hannu biyu suka tashi suka kama hular. Na riƙe numfashi ina jiran hoton ya daskare kamar kullum. Bai daskare ba. Hular ta fita, gashi ya zubo har baya, ga fuskar mace, da ɗan kunne ɗaya irin wanda ke kunnen yarinyar. Yarinyar ta saki fitilar ta ƙwalla wata kalma. Mushe Sale ya ce a hankali, "Ta ce, Yaya." Yayarta ce da aka ɗauka ruwa ya ci tun suna ƙanana.

E, na yi kuka, ga amsar masu tambaya. Rabi don labarin, rabi don wasiƙata mai shafi huɗu da na ce ni ne Mai Hular Ƙarfe.

Na tarar da Danladi a kasuwar doya yana shan rake. Na ce, "Ka ce min shi!"

"E, shi ne. Mace ne."

"Me ya sa ba ka ce mace ba ce?"

"Ka tambaye ni? Na ce gashi har baya, ka ce jarumai haka suke. Abeg, mamana ma shi nake ce masa."

Madam ta yi dariya har ta zauna a kan tarin doya.

Mushe Sale ya kwafe min shirin a kaset biyu, ƙarshen yana cikin na biyun. Ba zan ɓoye muku ba, a hanyar dawowa na yi tunanin in ce na biyun ya ɓace, in faɗa wa Zulai an yi aure an ƙare lafiya. Danladi ba mai surutu ba ne, Madam kuma Agyaragu za ta sauka. Ina wannan saƙar muka iso iyaka, sai ga jami'in nan dogo. Ya gane ni ya ce, "Ɗan Lahiya! Ka gano ƙarshen?"

Na ce, "Na gano. Yayarta ce."

"To ba aure ke nan?"

"Babu."

Ya ce, "Madalla, ai 'yar'uwa ma babban abu ce," ya miƙo min katina. Na ga na faɗa sau ɗaya ban mutu ba. Na mayar da kaset ɗin ƙasan jaka, kusa da cittar tsohuwa da wani dogon burodi da na sayo tsaraba.

Da muka iso Lafia ko gida ban je ba. Na sami Zulai a bakin ƙofar gidan gem tana ƙulla zoɓo. Na ajiye mata citta da burodin, wanda kafin nan ya bushe ya zama sanda. Na ce, "Na gano. Babu aure. Mai Hular Ƙarfe mace ce, yayar yarinyar ce. Duk fassarar da na yi muku daga kaina ce."

Ta ƙulle ledar da ke hannunta ta jefa a kula. "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar na bi Danladi waje na ce, mace ne ko namiji? Ya ce mace. Kowa a garin nan ya san in Danladi ya ce shi, sai an tambaya ko mace ce ko namiji. Kai ne ba ka tambaya, rubutu kawai kake."

"Kika bar ni na tafi har Nijar?"

"Ina so in ga wane labari za ka dawo da shi, naka ko na tibi."

Ta ɗauki burodin ta ƙwanƙwasa shi a murfin kula, ya yi ƙara kamar katako. Ta riƙe shi kamar takobi ta nuna ni da shi. "Ka gaya wa kawunka ya zo ya ga Baba ranar Asabar. Kuma kada ka rubuta masa takarda, ya zo da ƙafarsa."

Sauran kun sani, don kuna wurin da aka sa kaset ɗin. Oga Bala ya fita waje da ya ga farin takobi, Iliya har yau yana cewa Faransawa ne suka canja, ranar da faifanmu ya warke za a ga namiji da gemu. Ni dai na daina musu. Kawu ya je ranar Asabar, an karɓe shi da mutunci. Abu ɗaya kawai nake roƙonku: sunan nan da Zulai ta laƙaba min saboda na ce ni ne Mai Hular Ƙarfe, nata ne ita kaɗai. In na zo wucewa ta ɗaga murya ta ce, "Anti, zoɓo ko kunun aya?" ba da ku take ba.